Muryar Mai Mura

A sana'ata na sayi babura da yawa, na sayar da yawa, wasu ko launinsu ba zan iya tunawa ba yanzu. Amma akwai guda ɗaya da ba na jin zan manta da shi har ƙasa ta rufe idona, shi da dattijon da ya sayar min da shi, da wani tsayi da muka yi a gefen titi tsakanin Potiskum da Azare.

Bari in fara da bayanin sana'ar, don ba kowa ya san ta ba. Ni ba mashin ɗin achaba nake sayarwa ba. Tsofaffin baburan gudu nake nema, ƙirar Japan ɗin nan da samarin wancan zamani suka yi tashe da su, masu dogon tanki da salansa biyu, waɗanda idan mutum ya hau sai ya ɗan kwanta a kansu. Ina sayen su a mace, in tashe su, in sayar wa masu sha'awa a Kano da Abuja da Legas. Ba gado na yi ba. Mahaifina ɗan koli ne da ya taso daga Kano ya zauna a unguwar Gwange cikin Maiduguri, ni kuma da wankin kafireta na fara a bakin kasuwa, har Allah ya sa na tsaya da ƙafata.

Da gari ya shiga halin da ya shiga aka hana hawan babur a Maiduguri, sai abokan sana'ata suka watse. Wasu suka koma sayar da kayan keke mai ƙafa uku, wasu suka tattara suka bar garin. Ni ma na tura iyalina Kano da niyyar su dawo idan ƙura ta lafa, sai yara suka shiga makaranta a can, zama ya miƙe musu. Ni dai na tsaya, saboda na yi lissafi irin na ɗan kasuwa. Garin cike yake da babura da aka kulle a ɗakuna, kuma na san wata rana masu su za su gaji da kallonsu. Lissafin bai ci amanata ba, na samu rufin asiri daidai gwargwado. Abin da ban sa a ciki ba shi ne zan wuni in kwana ba wanda zan yi hirar babur da shi.

A wani ɗaki nake aiki a bayan gidana, ƙofa a rufe. Ba hawa kaɗai ya gagara ba, har tayar da injin ma sai da dabara, domin a lokacin ƙarar babur ta zama abin tsoro. Idan aka ji ta a lungu, mata kan ja 'ya'yansu su rufe gida, kuma ba ka san wanda zai kai ƙararka ba. Sa'ar da na yi ita ce maƙwabciyata tana da injin markaɗe da katanga ɗaya ta raba mu. Da zarar ta tayar da shi da yamma unguwa ta ɗauki ruri, sai ni ma in buga kik. In dafa tanki da tafin hannuna in ji yadda yake rawa, in kalli allurar mita, in duba launin hayaƙi, sannan in kashe kafin ta kashe nata. Haka na yi shekaru ina gyaran babura ban ji muryar ko ɗaya daga cikinsu ba. Masu saye kuwa a waya suke ganin hoto su yi ciniki. A hankali, ban ma lura ba, na koma mai gyara don ido.

Wata rana wani mai sayar min da baƙin mai ya tsegunta min cewa akwai wani tsoho a unguwar Gomari, kusa da filin jirgi, da yake da irin abin da nake so. Na je da hantsi. 'Yarsa ce ta shigar da ni, wata malamar asibiti mai kamun kai, ta ce min a hankali kafin mu ƙarasa, "Ka yi haƙuri da Baba, idonsa ya tafi, amma bakinsa yana nan daram."

Na same shi zaune a kan darduma, dogon Babarbare da ya rame amma bai ranƙwafa ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da "Wushe, wushe," sannan da ya ji harshena ya ce, "Au, Afuno ne." Haka Barebari suke kiran Bahaushe, kuma haka ya ci gaba da kirana har muka rabu.

Babur ɗin ba a zaure yake ba, ba a ɗakin ajiya ba. A ɗakin kwanansa yake, kusa da gado, an lulluɓe shi da wata tsohuwar babbar riga. Na yaye rigar. Mai silinda biyu ne, ja da fari, irin wanda na daɗe ina jin labari ban taɓa samu cikakke ba. Fenti ya koɗe, tayoyi sun tsage, kujera ta fashe. Salansar hagu kuwa tana ɗauke da wani mummunan faci, kamar an ɗinke fasasshiyar ƙwarya. Amma da na taka kik a hankali, sai na ji injin ya juya sumul kamar jiya aka ajiye shi.

"Duk Juma'a nake juya shi," in ji Baba. "In cire filogi, in ɗiga masa mai kaɗan, in taka. Ba ya tashi, ba ya ƙara, amma fistin ba ya kwana wuri ɗaya. Da ido na fara, yanzu da laluba nake yi."

Ni kuwa sai na shiga halina na ciniki. Na fara jero aibu, wai tanki zai yi tsatsa a ciki, wai kayansa sun yi wuyar samu, wai masu son irinsa sun ragu. Ya bar ni har na gama, sannan ya yi dariya.

"Afuno, idona ne ya mutu, ba kunnena ba. Tun da ka ɗaga rigar nan numfashinka ya canza. Faɗi gaskiyarka mu wuce wurin."

Na faɗi gaskiyata, ya sallama ba tare da ja-in-ja ba. Sai ya ce amma akwai sharaɗi. Babban ɗansa da ke Kano ya matsa lallai ya koma wurinsa da zama, shi ya sa ma zai rabu da babur ɗin. "Ka ce kai ma Kano kake kai su. To idan ka gama gyara, mu tafi tare, ni da shi a mota ɗaya. Inda dokar nan ta ƙare a hanya, ka sauke shi ka tayar min in ji muryarsa. Sau ɗaya tak. Daga nan ka sayar wa wanda ka ga dama."

'Yarsa ta ce, "Haba Baba, Yaya fa ya ce jirgi za ka hau. Wannan doguwar hanya da jikinka?"

"Jirgin da ya hana ni barcin rana shekara da shekaru? Na ƙoshi da ƙararsa. Ni wata ƙarar nake nema."

Na amince nan take. A raina na ce wannan ai sharaɗi ne mai arha.

Na ɗauke babur ɗin a ɓalle, cikin buhuna, zuwa Gwange. Daga nan kuma sai ya zama duk Juma'a idan aka sauko masallaci Gomari nake wucewa, wai don in ba shi rahoton aiki. Sai a kawo shayi da dabino mu zauna. In ce na sa sababbin ringi, ya ce wace ƙasa? In ce na wanke kafireta, ya ce ta ɓangaren dama tana da taurin kai, sai ka lallaɓa ta. Ya ba ni labarin lokacin da yake malamin dabbobi, aka ba su kuɗin abin hawa a wurin aiki, kowa ya sayi babur na hankali mai ɗaukar kaya, shi ya je ya sayo na gudu, shugabansa ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarsa. Ya ba ni labarin abokansa da suke fita da su bakin ruwan Alau ranar hutu. Idan na tambayi ina wane, sai ya ce ya rasu. Wane fa? Ya rasu. Wane kuma ba a san inda yake ba.

Ni da na saba cin abinci ni kaɗai ina kallon bango, sai ga shi ina ƙirga ranakun mako saboda hirar wani tsoho. Aikin da na san zan iya gamawa da wuri, sai na ga ina jan sa. In kwance abin da na riga na ɗaura in ce bai zauna daidai ba. Ni da kaina na san dalili, ban dai faɗa wa kowa ba, don ba wanda zan faɗa wa.

Abu ɗaya na ɓoye masa. Na daɗe ina cigiyar salansa ta asali, har wani mutumina a Legas ya samo min guda biyu sababbi fil, a cikin takardarsu ta kamfani, ba a taɓa ɗaura su ba. Sun ci min kuɗi sosai, amma duk wanda ya san harkar ya san su ne za su ɗaga darajar babur ɗin. Da na ɗaura su na ja baya na kalla, sai ka ce madubi. Na ce wannan ba zan faɗa wa Baba ba, sai dai ya shafa da hannunsa ya ji daɗi. Tsofaffin kuwa, mai facin da 'yar'uwarta, na haɗa su da sauran tarkace na ba masu sayen gwangwan. Ko waiwayarsu ban yi ba.

Da ɗan Baba ya ƙara matsawa, dole na kammala. Na ɗauki hotuna na tura, wani mai sha'awa a Kano ya ce kada in nuna wa kowa, nasa ne. Na yi shatar wata a-kori-kura da za ta kai wake. Muka zuƙe man tanki, muka cire tayar gaba, muka kwantar da babur ɗin tsakanin buhuna, takardunsa a aljihuna saboda shingayen bincike. Da sassafe muka ɗauki Baba a Gomari. 'Yarsa tana ta share hawaye tana cusa masa magunguna a jaka, shi kuma abin da ya fara tambaya shi ne, "Kun sa masa wani abu a ƙasa kada tanki ya goge?"

Mu uku muka matsu a gaba, Baba a tsakiya. Direban wani mai surutu ne, ya yi ta ba mu labarin farashin wake. Da muka fita daga gari Baba ya ce in faɗa masa idan mun wuce ƙofar shiga. Na faɗa masa. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a a ransa, ya shafa. Na san ya san ba dawowa zai yi ba.

A lokacin dokar ta shafi har jihar da ke maƙwabtaka da mu, don haka sai da muka wuce Damaturu, muka wuce Potiskum, muka fara ganin mutane a kan babura suna harkarsu kamar ba komai. Ni kaina sai na riƙa bin su da kallo kamar baƙauye. Bayan azahar muka samu wani wuri mai faɗi, ga tsamiya, ga wata hanyar burji da ta ratsa cikin gonaki. Na ce wa direba ya tsaya. Muka yi salla, muka zaunar da Baba a inuwa, muka sauko da babur a kan katako. Na mayar da taya, na sayo mai a galan wurin masu sayarwa a bakin titi. Rana ta daki salansar nan tana walƙiya, har direban ya ce, "Kai, Alhaji, wannan ai amarya ce."

Na buɗe mai, na ja cok, na taka. A bugu na biyu ya kama.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Shekaru ke nan rabona da jin injin da na gyara da kunnena, ba injin markaɗe a kansa. Muryar ta fito tas, siririya, mai kaifi, ba tangarɗa ko ɗaya. Na murɗa totur ta haura, na saki ta sauko. Na juya ina murmushi don in ga fuskar Baba.

Ya karkata kai yana saurare. Fuskarsa ba ta motsa ba. Can sai ya ɗaga hannu.

"Kashe."

Na kashe.

"Wannan na wa ne?"

"Naka ne mana, Baba."

"A'a. Nawa ba haka yake magana ba."

Na zaci wasa yake yi. Ya ce in kama hannunsa in kai shi. Ya shafa tanki, ya shafa kan babur, ya gyaɗa kai, ya gane su. Sannan ya tsuguna, ya jira ƙarfen ya ɗan huce, ya bi salansar hagu da yatsunsa tun daga wuya har ƙarshe. Ya sake bi. Yatsun suna neman wani abu ba su samu ba.

"Ina facin?"

Na ce, da sauran alfahari a bakina, "Na cire ta, Baba. Sababbi ne na asali, daga Legas."

"Tsohuwar fa?"

Na ce na ba masu sayen gwangwan.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya koma inuwa da lalube ya zauna, ya ce, "Ba laifinka ba ne, Afuno. Ni ban faɗa maka ba, don ban taɓa ɗaukarsa a matsayin abin gyara ba." Sai ya ba mu labari. Yana sabon aure ya kauce wa wani maraƙi a hanyar ƙauye ya faɗi, salansar hagu ta tsage. Wani maƙeri ya liƙe masa ita da guntun ƙarfe, ya bar 'yar kafa a ƙasa. Tun daga ranar muryar babur ɗin ta dushe a gefe ɗaya, yana gudu yana wani gurnani kamar mai ciwon maƙogwaro. Abokansa suka sa masa suna Mai Mura. Sun sha ce masa ya canza, ya ƙi, saboda matarsa. Ta ce duk baburan unguwa muryarsu ɗaya, nasa kaɗai take ganewa tun daga kan kwana, sai ta tashi ta buɗe masa ƙyaure kafin ya iso.

"Ta rasu shekarar da aka hana hawa," ya ce. "Su biyun kusan tare suka yi shiru. Ita dai ba yadda zan yi. Shi ne na ce ko shi in sake jin muryarsa."

Direba ya sunkuyar da kai yana wasa da makulli. Ni kuwa na tsaya ina kallon salansar nan tana sheƙi. Ni ɗan kasuwa ne, ba zan ce muku ban yi lissafi ba. Na yi. Na san abin da na kashe, na san mai saye yana jira, na san saboda sababbin salansar ya ce nasa ne. Kuma a ƙa'ida na cika alkawari, an ce in tayar, na tayar. Amma na san ba abin da aka roƙe ni ke nan ba. Tsohon nan ya ƙi jirgi, ya jure zafi da ramuka da shingaye don ya ji abu ɗaya, kuma idan muka bar gindin tsamiyar nan ba zai sake samun dama ba.

Na buɗe akwatin kayan aikina na ɗauko guduma da wata ƙusa mai kauri.

"Baba, zo ka nuna min daidai inda kafar take."

"Me za ka yi?"

"Nuna min dai."

Direba ya miƙe. "Alhaji, lafiyarka kuwa? Amaryar za ka fasa wa kai?"

Baba ya ce kada in yi, asara ce, ya yafe. Na ce masa kayana ne, ai ya riga ya sayar min. Sai ya miƙo hannu. Na kai shi, ya tsuguna, ya auna da tafin hannunsa daga lanƙwasar wuya, ya ɗora yatsa a ƙasan bututun. "Nan."

Bugun farko sai da na runtse ido. Ƙarfe mai kyau ne, bai huje da sauƙi ba. Da ƙusar ta shige na tayar. Baba ya saurara ya girgiza kai.

"Wannan atishawa ce, ba mura ba. Ƙara buɗa ta."

Direba ya tuntsire da dariya, ni ma ban san lokacin da na yi ba. Na ƙara buɗawa. Ya ce ta yi kusa amma ta cika tsabta, tasa akwai wani abu da yake kaɗawa a ciki. Na gane ƙarfen ciki ne mai rage ƙara ya saki tun faɗuwar. Na sassauta nocin da ke riƙe da shi. Ya ce kuma bututun a lotse yake kusa da kafar. Na ɗaga guduma na lotsa shi. Haka muka yi ta yi, in tayar, ya saurara, in kashe, mu jira ya huce. Na ƙone a hannu, tabon yana nan. Direban da ya fara da mita sai ga shi ya tsuguna yana riƙe min babur yana cewa, "Baba, yanzu fa? Ni dai na ji ta fara shaƙewa."

Da la'asar ta yi sanyi na sake bugawa, sai muryar ta fito daban. Dama tana kuka siririya, hagu tana bin ta da gurnani. Mummunar murya ce, duk bakanike zai ce a gyara. Baba bai ce kashe ba. Ya daɗe yana ji.

Na ce, "Hau in zaga da kai."

"A'a. Ba hawa na ce ba, ji na ce. Kai dai hau ka tafi can nesa, sai ka daina ganinmu, sannan ka juyo. Ka saki wuta idan ka kusa, kamar za ka sha kwana. Ni kullum a kansa nake. Ban taɓa jin yadda marigayiya take jin sa ba."

Na hau na bi burjin nan. Rabona da hawa babur har na manta nauyin iska a ƙirji. Gonaki a dama da hagu, ba kowa, sai ni da gurnanin nan a ƙarƙashina. Na yi nisa har tsamiyar ta ɓace, na tsaya, na juya. Da na taho na hango shi ya miƙe tsaye, ya fito daga inuwa shi kaɗai ba mai riƙe da shi, ya juya kunnensa wajen hanya. Na saki wuta kamar yadda ya ce, na rage giya, na gangaro a hankali na tsaya a gabansa na kashe.



Na ce, "Shi ne, Baba?"

"Ba shi ba ne." Ya goge fuska da hannun riga. "Amma da tana da rai, da ta leƙo ta duba."

Ya dafa tankin ya ɗan bubbuga shi, kamar yadda ake sallamar doki, ya ce mu tafi kada mu yi dare.

A Kano na damƙa shi a hannun ɗansa a ƙofar gida. Ya riƙe hannuna ya ce, "Afuno, Allah ya yi maka albarka. Amma walda ba ka iya ba, maƙerin ƙauye ya fi ka." Aka ja shi ciki yana dariya. Washegari mai saye ya ga huji da lotsawa ya ce me ya sami salansar da ya gani a hoto. Na ce ni na yi, da hannuna. Ya kalle ni kamar mai taɓin hankali, ya zabge farashi, ban yi musu ba. Na san kafin mako ya zagayo zai sa a nemo masa wata, muryar kuma ta tafi ke nan.

Na kwana biyu wurin iyalina na koma Maiduguri ni kaɗai a bayan motar haya. Mun yi waya da Baba 'yan lokuta, amma irin hirarmu ba ta waya ba ce, gaisuwa ce kawai sai a yi shiru. Ban sake ganinsa ba. Labarin nan ma na daɗe ban ba kowa ba, don waɗanda za su gane shi a garin sun ƙare.

Abin da na koya shi ne, ba duk abin da ya lalace ne yake jiran gyara ba. Ni idona a kan mai saye yake, shi kuwa mai saye sheƙi yake biya. Na manta cewa mai sayarwa ma mutum ne, kuma sau da yawa abin da ya fi so a jikin kayansa shi ne wanda ni zan fara cirewa in yar. Tun daga lokacin, duk babur ɗin da zan saya, kafin in ɗora masa sifana sai na zaunar da mai shi na tambaye shi, a jikin mashin ɗin nan mene ne ba ka so in gyara? Da yawa dariya suke yi su ce gyara duka. Amma wani sai ka ga ya miƙa hannu ya taɓa wata lanƙwasasshiyar mariƙar birki ko wani karce a gefen tanki. Idan na ga haka, sai in ajiye cinikin tukuna, in gyara zama, don na san akwai magana.